Cleveland ko Los Angeles? Muhawara kan ɗaukar ɓoye ta wasannin rok da yadda ake tantance ta ƙwarai

Sabon Shiga

Assalamu alaikum. Tambayata ga manyanmu masu tara tsofaffin wasannin rok. A rangadin ƙungiyar Led Zeppelin na 1977 akwai ɗauka biyu da kowa ke ambata: ta Cleveland, 27 ga Afrilu, wadda ake kira Destroyer, da ta Los Angeles, 21 ga Yuni, wadda ake kira Listen to This, Eddie. Ta farko daga mikisa, wato na'urar haɗa sautin dandamali, aka zuƙo ta kai tsaye, ta biyu kuwa wani ne ya ɗauka yana zaune cikin 'yan kallo. A hankalce ta mikisa ya kamata ta fi. To me ya sa ake fifita ta Los Angeles? Sannan kowacce tana da kwafi barkatai, kowa na cewa nasa ne mafi kyau. Ta yaya ake ganewa?

Injiniyan Sauti

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kuskuren yana wurin zaton cewa abin da ke fita daga mikisa shi ne abin da mutane suka ji. Ba shi ba ne. Mai mikisa yana haɗa sauti ne don ya cike abin da dandamali ya rage. Amfilifayar jita tana ruri da kanta, ganguna ma haka, to sai ya ɗaga murya da abin da ba ya kai wa baya, ya sassauta wanda ya riga ya cika zauren. Idan ka naɗi wannan haɗin shi kaɗai, sai ka ji murya ta zo gaban goshi, kaurin sauti ya ragu, babu amsa-kuwwar zaure, tafin mutane kuma kamar daga wata unguwa yake zuwa, domin babu makirfon da aka juya musu. Ta Cleveland haka take: tsaf, amma a bushe, kuma farkon waƙar buɗewa ma a yanke yake.

Ta Los Angeles aikin Mike Millard ce. Rikodar kaset Nakamichi 550 ya yi amfani da ita, mai nauyin kusan kilo biyar, da makirfo biyu na AKG. A keken guragu yake shigar da kayan, ya zauna kusa da dandamali. A wannan tazarar sautin lasifika yana riga amsa-kuwwa isowa, don haka ka samu tsabta, ka kuma samu iskar zauren. Gangunan John Bonham a wannan kaset suna da nauyin da ta Cleveland ba ta da shi.

Hajiyar Faifai

Injiniya, na yarda da bayaninka amma ka haɗa abu biyu wuri guda. Kyan ɗauka daban, kyan wasa daban. Daren 21 ga Yuni shi ne na farko cikin dare shida da suka yi a zauren Forum na Los Angeles, kuma sun zo da zafinsu, sun yi sama da awa uku. Da Millard ya ɗauki daren da suka yi sanyi, da ba za a riƙa rantsuwa da kaset ɗin haka ba. Hujja ita ce Cleveland ɗin kanta: washegari, 28 ga Afrilu, akwai ɗaukar cikin taro wadda sautinta bai kai ba, amma masu tarawa da yawa sun fi son wasan wannan daren. Duk mai kwatance ya ba da maki biyu, ɗaya na sauti ɗaya na wasa, kada ya cakuɗa.

Kuma kada a raina ɗaukar mikisa. Mai son ya koyi abin da John Paul Jones, mai jitar bes da fiyanon ƙungiyar, yake yi da yatsunsa, can zai je.

Mai Uwar Kaset

Hajiya ta yi gaskiya. Bari in ɗauki rabin tambayar na biyu, don nan ne sabbin shiga suke asarar data da kuɗi.

Kafin ka saurari komai, nemi salsalar kwafin. Kaset ɗin da ya shiga zauren shi ne uwa. Wanda aka kwafa daga uwa 'ya ce, na gaba jika, na gaba tattaɓa-kunne. A zamanin zaren kaset kowace haihuwa tana ƙara huci da kusan desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), tana cinye siririn sauti, tana kuma ƙara kuskuren gudu, domin babu rikoda biyu da suke juyawa daidai wa daida. Jika mai tsabta ta fi tattaɓa-kunnen da aka yi wa kwalliya. Da zarar an shigar da sauti kwamfuta ba tare da matsewa ba, haihuwa ta tsaya, kwafi na dubu daidai yake da na farko.

Kwafi na ƙwarai yana zuwa da ɗan fayil na rubutu da ke faɗin rana, zaure, makirfo, rikoda, wanda ya ɗauka, matakin haihuwa, na'urar da aka juye da ita, da duk gyaran da aka yi. Idan ka ga an rubuta cewa daga faifan CD na kasuwa aka ciro, to salsalar ta yanke a nan, domin kamfanonin ɓoye ba sa faɗin inda suka samo. Idan babu rubutun kwata-kwata, ɗauke shi a matsayin mafi ƙasa har sai kunnenka ya tabbatar da akasin haka.

Game da Millard akwai ƙarin abu. Yana sa wata 'yar alama a kwafin da yake bai wa mutane don ya gane wanda ya sayar wa 'yan kasuwa, saboda ya tsani a sayar da aikinsa. Ya rasu a 1994, aka daɗe ana cewa ya lalata uwayen kaset ɗinsa. Daga baya da yawa suka bayyana aka juye su. Saboda haka kwafin da aka yi shekara ashirin ana yabo ba lallai ne ya zama na gaba a yau ba. Duba ranar juyewa.

Sabon Shiga

Na gode ƙwarai, Malam. To idan biyu duk sun ce daga 'ya aka juye su fa?

Injiniyan Sauti

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Buɗe su biyun a manhajar sauti ta Audacity, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Nemi bugu ɗaya mai kaifi, kamar sandar ganga a farkon waƙa, ka jera su a kansa. Daga nan ka daidaita ƙarfinsu. Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ke ɓata hukunci, domin kunne kullum yana zaɓen wanda ya fi ƙara. Bambancin desibel ɗaya ya isa ya yaudare ka. Ka sa su kusa da juna har ƙasa da rabin desibel.

Sai ka zaɓi wuri uku, kowanne daƙiƙa 20 zuwa 30: wuri mai shiru inda mawaƙi ke magana, don ka ji huci, wuri mai cike da kiɗa, don ka ji ko sauti yana fashewa, da wurin da farantan ganga suke ta ƙara, don ka ji siririn sauti. Ka riƙa sauyawa nan take, kada ka saurari ɗaya minti biyar sannan ka koma ɗayan, kunne ba ya riƙe sauti haka. Mai son ya cire son zuciya ya yi amfani da gwajin ABX na foobar2000, inda manhajar ke ɓoye maka wanne ne wanne.

Na ƙarshe, tafi wurin minti 45. Kaset C90 minti 45 yake ɗauka a kowane gefe, dole mai ɗauka ya juya shi. Duba nawa aka rasa a wurin, da kuma ko an cike giɓin da wata ɗaukar. Cikewa ba laifi ba ce idan an faɗa. Ɓoyewa ne laifi.

Malamin Kiɗa

Oga Injiniya, ka bar babban ciwon. Idan ka jera su a bugun farko, bayan minti biyar za ka ga ɗaya ya tsere wa ɗaya. Gudu ke nan, kuma kwafi da yawa da ke yawo ba sa kan gudun gaskiya.

Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. Kuskuren kashi 1 cikin ɗari yana ɗaga sauti da kusan sent 17, sent 100 kuwa shi ne rabin mataki, wanda yake daidai da kusan kashi 6 cikin ɗari. Kashi 2 kaɗai ya isa ya sa muryar mawaƙi ta sirance, ya kuma rage kusan minti uku da rabi a wasan awa uku. Mutane sai su ce ai daren nan sun yi kiɗa da kuzari, alhali zare ne ke gudu.

Kada a auna da jita. Masu jita suna sauke igiyoyinsu da gangan, Jimi Hendrix yakan sauke rabin mataki, kuma igiya tana saki da zafin fitilu. A auna da fiyano ko ogan ɗin Hammond. Hammond ya fi aminci domin injinsa yana bin bugun wutar lantarki, ba ya karkata. Ka samo wuri da aka riƙe sauti ɗaya, ka duba ko ya faɗa inda ya kamata idan an ɗauki sautin A a 440 Hz, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa.

Makanikin Rediyo

Malam, akwai hanya ta biyu wadda ba ta buƙatar sanin kiɗa: gurnanin wuta. Wutar Amurka 60 Hz take, ta Ingila da sauran Turai 50 Hz kamar tamu. Amfilifaya kusan kullum tana zubo ɗan gurnani, kuma ya shiga zaren tun daren da aka ɗauka. Zaɓi wuri mai shiru, ka buɗe ma'aunin zangon sauti na Audacity, ka sa girman a 65536. Idan wasan Amurka ne ka ga tsini a 61.2, raba da 60, ka samu 1.02. Zaren ya yi sauri da kashi 2. Ka rage gudu da kashi 1.96 sai ya dawo daidai.

Abu uku ke lalata wannan lissafin. Na ɗaya, a 60 ma'aunin bai da kaifi sosai, don haka ka duba 'ya'yan gurnanin a 120 da 180, sun fi nuna ƙaramin kuskure. Na biyu, idan ka ga 60.0 cif ko 50.0 cif kada ka yi murna tukuna, wataƙila gurnanin na'urar wanda ya juye ne, ba na zauren ba. Wani lokaci za ka ga tsini biyu gefe da gefe, wanda ya kauce shi ne na asali. Na uku, Japan wuta biyu gare ta: Tokyo 50, Osaka 60. Wanda ya gyara wasan Osaka da lissafin Tokyo ya kashe shi.

Wajen gyaran kuma, ka yi amfani da abin da ke canja gudu da sauti tare, kamar yadda zare yake yi. Wanda ke canja sauri ya bar murya, ko ya canja murya ya bar sauri, yanka sautin yake yi yana ɗinkewa, ana jin tabon.

Malamin Kiɗa

Haka ne. In ƙara da cewa a auna aƙalla wuri uku a kowane gefen kaset. Idan batirin mai ɗauka ya fara mutuwa, rikoda tana rage gudu tana naɗa, to in an kunna a gudun daidai sai sautin ya riƙa hawa yana sirancewa zuwa ƙarshe. Irin wannan lamba ɗaya ba ta gyara shi, sai an bi shi a hankali da layin gudu. Akwai kuma kuskuren zamanin DAT, wato kaset ɗin dijital: abin da aka naɗa a 48 kHz aka karanta shi a 44.1, ko akasin haka. Bambancin ya kusa kashi 9, kusan rabin mataki ɗaya da rabinsa. Wannan ba a taɓa zare, alamar fayil kawai ake gyarawa.

Ɗan Fagge

Ni ina da ja a kan wannan tsananin. Kamfanonin Japan irin su Tarantura da Empress Valley suna fitar da kwafi da aka gyara, an ɗaga kauri, an share huci, ana jin daɗinsu a mota da waya. Uwar kaset ɗin da kuke yabo sau da yawa a dushe take. In dai don sauraro ake tarawa, me ya sa za a ƙi wanda ya fi daɗi a kunne?

Mai Uwar Kaset

Malam Ɗan Fagge, ba a hana kowa jin daɗi ba. Matsalar ita ce gyara ba ya komawa baya. Idan kana da kwafi ɗanye, yau ka ɗaga kauri, gobe ka sauke, jibi wata manhaja mafi kyau ta fito ka sake. Idan gyararre kaɗai gare ka, abin da aka share ya tafi har abada. Share huci da ƙarfi yana tafiya da wutsiyar farantan ganga, ya bar wani sauti kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa. Matse ƙarfi kuma yana sa hoton sautin ya zama kamar bulo, babu hawa babu sauka, bayan minti ashirin kunne ya gaji. Ajiye ɗanye, ka yi wa kanka na mota daban, kada ka yaɗa na motar. Kwali mai ƙyalli da lambar kwafi ba su ƙara wa zare komai, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Ɗan Fagge

Na ji batun ajiya. Amma ba duk gyara ne ɓarna ba. Ga Pink Floyd, wasan Los Angeles Sports Arena na 26 ga Afrilu 1975, shi ma ɗaukar Millard ce. Da ƙungiyar ta tashi fitar da shi a hukumance a 2025, mawaƙi kuma mai haɗa sauti Steven Wilson aka ba ya gyara. Ba ɗanye suka saki ba.

Hajiyar Faifai

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ina tare da kai a rabinta. Bambancin shi ne an san wanda ya yi gyaran, an san daga ina ya fara, kuma ɗanyen yana nan ga mai son kwatantawa. Abin da Mai Uwar Kaset yake ƙi shi ne gyaran da ba a san mai shi ba, a kan kwafin da ba a san salsalarsa ba. Ni ma'aunina ɗaya: gyaran gudu wajibi ne, daidaita hagu da dama wajibi ne, ɗan taɓa kauri da siriri da desibel biyu ko uku babu laifi in an rubuta. Share huci kuwa, sai in babu makawa.

Tun da an zo nan, kada sabbin shiga su yarda da abin da aka buga a kwali. Shahararren wasan Bob Dylan na 1966 da aka yi shekaru ana sayarwa da sunan Royal Albert Hall na Landan, a Free Trade Hall na Manchester aka yi shi, 17 ga Mayu. Da aka fitar da shi a hukumance a 1998 an bar tsohon sunan cikin alamar zance, aka faɗi gaskiyar wurin. Tabbatar da rana ana yinsa ne da jerin waƙoƙi, da maganar da mawaƙi ya yi tsakaninsu, da sunan garin in ya ambata.

Sabon Shiga

Hajiya, Allah ya ƙara sani. Wata tambayar: an ce wasu fayilolin FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai daga sauti, asalinsu MP3 ne aka sake musu riga. Ana iya kamawa?

Injiniyan Sauti

Ana kamawa, da ƙaramar manhaja mai suna Spek, ko hoton sauti na Audacity. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yakan yanke komai a wajen 16 kHz, yanka madaidaici kamar da reza, sama baƙi ƙirin. Mai 320 yakan kai wajen 20. Kaset na gaskiya ba ya yanka haka, kiɗan yana dusashewa a hankali, hucin zare kuma yana ci gaba har sama. Idan ka zuƙo hoton MP3 za ka ga ƙananan ramuka masu kusurwa a saman, wuraren da aka zubar.

Amma a yi hattara da hukuncin gaggawa. Wasan da aka ɗauka daga rediyon FM yana tsayawa a 15 kHz, kuma sau da yawa za ka ga siririn layi a 19 kHz, alamar sitiriyo ce ta gidan rediyo. Wannan ba MP3 ba ne, haka FM yake. Wasannin Bruce Springsteen na 1978, irin na Agora a Cleveland da na Winterland a San Francisco, ta rediyo suka fara yaɗuwa. Irin waɗannan ana neman kwafin da aka samo kafin sauti ya shiga na'urar watsawa, domin gidan rediyo yana matse ƙarfi. Layi a 15,734 Hz kuwa alamar talabijin ɗin Amurka ce, 15,625 ta Turai, wato ta bidiyo sautin ya biyo. Ɗaukar MiniDisc ita ma matsattsiya ce tun daga uwa, babu yadda za a yi, sai dai a rubuta.

Bayan saukewa ka gwada fayilolin da lambobin tantancewa da suka zo da su, ffp ko md5, Trader's Little Helper yana yi cikin daƙiƙu. Shi ne kuma yake nuna ko an yanka waƙoƙi ba a kan iyakar CD ba. Kowane yanki na CD samfuri 588 ne, ɗaya bisa 75 na daƙiƙa, in yankan bai faɗa a kai ba za ka ji ɗan ƙas tsakanin waƙoƙi idan ka ƙona faifai.

Ɗan Fagge

To mu koma tambayar farko. In mikisa tana da tsabta, cikin taro yana da rai, a haɗa su mana. Masu bin Grateful Dead sun daɗe suna yi.

Injiniyan Sauti

Ana yi, kuma wasan Barton Hall na jami'ar Cornell, 8 ga Mayu 1977, shi ne misalin da aka fi sani: akwai zaren Betty Cantor-Jackson, akwai ɗaukar cikin taro, an haɗa su. Amma nata zaren ba irin na Cleveland ba ne. Ita haɗin kanta take yi daban don naɗa, ba don lasifika ba, shi ya sa ya cika. Su kuma Grateful Dead sun halatta ɗauka, har suka ware wa masu makirfo wuri daga 1984, don haka dare ɗaya sai ka samu ɗauka da yawa.

Wahalar haɗawa biyu ce. Sauti yana tafiya kusan mita 343 a daƙiƙa, wanda ya zauna mita 30 daga lasifika ya makara da kusan kashi 87 cikin dubu na daƙiƙa, dole a jawo shi. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne zare biyun kowanne yana tangaɗi nasa, ka daidaita su yanzu, bayan minti ɗaya sun rabu. In sun rabu kaɗan sai sauti ya zama kamar a cikin bututu, in sun rabu da yawa kowane bugun ganga ya zama biyu. Sai an bi waƙa-waƙa, wani lokaci ana sake jerawa duk bayan daƙiƙa kaɗan. A fara da mikisa a gaba, a ɗago na taro a hankali har zauren ya buɗe, a tsaya. Sharaɗin kuma dare ɗaya ne. Cleveland 27 da Los Angeles 21 ba za su taɓa haɗuwa ba.

Makanikin Rediyo

Ga wanda kaset ko faifan garmaho ya faɗo hannunsa a nan gida, a kula da waɗannan kafin a kunna.

Ɓalle 'yan haƙoran saman kaset don kada a danna naɗa bisa kuskure. Duba ɗan audugar da ke bayan zare, in ta faɗi sauti zai dushe, a manna wata ko a mayar da zaren sabon gida. Goge hed, wato kan da ke karanta zare, da sandar ja da robar matsi da sifirit mai tsabta, a bari ya bushe. Sai daidaita hed: akwai ɗan sukuru a gefensa, sa sauti a mono, juya shi kaɗan-kaɗan da sukundireba marar maganaɗisu har siririn sauti ya fito iyakarsa. Kowane gefen kaset a sake, domin hed ɗin mai ɗauka ake bi, ba na masana'anta ba. Kaset da yawa da ake cewa a dushe suke, hed ne kawai bai hau ba. Maɓallin nau'in zare ya dace, na talaka 120, na kurom 70. Dolby kuwa, wato tsarin rage huci, in ba a rubuta ba, juye sau biyu, a kunne da a kashe. In an naɗa da shi ka kashe, sauti zai yi tsini da huci. In ba a naɗa da shi ba ka kunna, zai toshe yana numfashi. A naɗa a bit 24 da 96 kHz, ingancin da ya fi na CD, kololuwa ta tsaya wajen desibel 6 ƙasa da iyaka.

Garmaho yana da tarko a wurinmu. Mai injin da ke bin bugun wuta, in janareta ya ba shi 52 maimakon 50, ya yi sauri da kashi 4. Wanda aka ƙera don wutar Amurka kuwa, ko ka sa masa taransifoma, juyi 33 da sulusi zai koma wajen 27.8. A nemi mai ƙwaz, wanda ke riƙe gudunsa da kansa, irin Technics SL-1200MK2, shi ba ruwansa da wannan.

Manyan zaren faifai na tsakiyar shekarun 1970, irin Ampex 456, suna yin danƙo su riƙa kuka a kan hed. Da ka ji, tsaya. Ana gasa su a zafin digiri 50 zuwa 55 na Salsiyas na awoyi a na'urar busar da abinci, ba a tandar girki ba. Zaren asitet, wanda haske ke ratsawa in ka ɗaga shi, ba a gasa shi sam.

Hajiyar Faifai

Malam Makanike, wannan bayanin ya wuce rok. Kaset-kaset ɗin Shata da sauran makaɗanmu da aka ɗauka a wuraren biki, aka yi ta kwafa daga rikoda zuwa rikoda, ciwonsu ɗaya: ba salsala, gudu ya kauce, yanzu kuma an matse su ana turawa ta WhatsApp. Mai tsohon kaset a gida ya juye shi ta wannan hanyar, ya rubuta abin da ya sani a kansa. A ajiye su a tsaye cikin gidajensu, nesa da lasifika da rana, a rufe saboda ƙurar hunturu, a sa 'yan ƙunshin shan danshi saboda damina.

Sabon Shiga

Saura batun halacci. Wannan ba satar fasaha ba ce?

Mai Uwar Kaset

A rarrabe uku. Jabu shi ne a kwaikwayi faifan kamfani har kwalinsa. Satar fasaha ita ce a kwafi abin da aka riga aka fitar a sayar. Abin da Turawa ke kira bootleg shi ne wanda ba a taɓa fitarwa ba. Shi ma doka ba ta sake shi ba, Amurka ta haramta cinikinsa a 1994, kuma giɓin dokar da ya bar kamfanonin Italiya da Jamus suna bugawa a fili ya rufe a shekarun 1990. Mawaƙa ma sun rabu: manajan Led Zeppelin, Peter Grant, farautar masu ɗauka ya riƙa yi a zamaninsa, Frank Zappa kuwa a 1991 ya kwashe na 'yan ɓoyen ya sake fitar da su da kansa. Ƙa'idar masu tarawa ita ce ba a sayarwa, ba a yaɗa matsattse, kuma ranar da mai abu ya fitar da wasan a hukumance an daina raba shi, a saya. Mai son farawa ba tare da shakka ba ya je shafin intanet na Live Music Archive, can ƙungiyoyin da suka ba da izini ne kawai. Na Grateful Dead, ɗaukar cikin taro ana saukewa, ta mikisa sauraro kawai tun 2005.

Injiniyan Sauti

Kafin ka fara saukewa yi lissafin data. Wasan awa uku a ingancin CD ya kai gigabayit 1.9 ɗanye, a FLAC ya sauko wajen 1.1 zuwa 1.3. A 24 da 96 ɗanyen ya haura 6. Don kwatance ba sai ka sauke duka ba: ɗauki fayil ɗin rubutu, da waƙa ɗaya tak daga kowane kwafi, waƙa iri ɗaya, wadda take da shiru a farkonta. Ka auna gurnani, ka duba Spek, ka daidaita ƙarfi, ka saurara. Wanda ya ci shi za ka sauke gaba ɗaya, ka ajiye a faifai biyu daban.

Sabon Shiga

Na gode muku duka. Zan fara da ta 21 ga Yuni, waƙa ɗaya daga kwafi uku. In na auna zan kawo lambobin gurnanin nan da hoton Spek, Malam Makanike ya duba min ko tsinin zaure na kama ko na wanda ya juye.

Makanikin Rediyo

Kawo, amma ka auna a 180, kuma ka faɗi minti nawa ne a cikin waƙar ka zaɓa.